Waƙa ta yi kyau a waya, ta ƙi reruwa a baki: ina gizo ke saƙar?

Shin rubuta waƙa abu ne da ake koya, ko kuwa baiwa ce zalla, wanda Allah ya ba shi ya ba shi? Wannan gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin matasanmu masu rubutu. Duk lokacin da Ranar Hausa ta zagayo a 26 ga Agusta, ko watan Maulidi ya kama, ko kakar siyasa ta tsaya, sai wayoyi su cika da baitoci daga Ringim, Gumel, Birnin Kudu, Rano, Ɗambatta da ƙauyukan da ke kewaye da su. Yawan masu rubutun abin murna ne. Amma da waƙa ta faɗo a WhatsApp ko Facebook, sai ka ji wani ya ce wannan ai zance ne aka daddatsa layi-layi. Mai ita ya harzuƙa ya ce hassada ce, waƙa baiwa ce, ba a yi mata doka. Wani can gefe ya ce duk wanda bai karanci aruli ba, wato ilimin auna waƙa, ya ajiye alƙalami. A watse baram-baram, waƙar na nan yadda take, ba wanda ya nuna wa yaron ɗangon da ya karye.

Kowane ɓangare ya riƙo wani abu na gaskiya ya saki wani. Wanda kuwa abin ya fi shafa shi ne matashin karkara, wanda ba shi da ɗakin karatu a kusa, ba shi da ƙungiyar marubuta, daga shi sai wayarsa.

Wace waƙar ake nufi?

Hausa tana da waƙa iri biyu tun asali. Akwai waƙar baka, ta makaɗa irin su Narambaɗa da Shata, da ta 'yan mata a dandali, da ta mata a bakin turmi. Ita a baki ake haifarta, kiɗa ko tafi ko lugude ke riƙe da ita, mai ita kuma yana iya ƙari ko ragi duk ranar da ya sake yin ta. Akwai kuma rubutacciyar waƙa, wadda aka zauna aka tsara baiti-baiti da ajami ko boko, kalmominta a zaune suke. Ita ce ta bunƙasa a hannun malaman jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yan Shehu irin su Nana Asma'u da Isa, ta gangaro har kan su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗejiya, Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin. Waƙar sutudiyo ta yau tana tsakiya: a takarda ake fara ta, a jikin fiyano ake jingina ta.

Layi ɗaya na rubutacciyar waƙa shi ne ɗango. Ɗangwaye in sun haɗu sun zama baiti, daga nan ake cewa waƙa 'yar ƙwar biyu ce, ko uku, ko huɗu, ko biyar. Amsa-amo shi ne gaɓar da ake ta maimaitawa a ƙarshe. Kari shi ne ma'aunin da kowane ɗango ke hawa. Jigo shi ne abin da waƙar ta zo faɗa, salo kuma yadda ta faɗe shi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, duk da sunanta rubutacciya, don kunne ake yin ta. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajojinta, wato matan da ta horar don su koyar, su ne suke haddace waƙoƙinta su kai wa matan ƙauyuka da baki. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, bai taɓa ganin baitinsa a takarda ba, amma Imfirajinsa ta zagaye kasuwannin ƙasar Hausa a bakin makafi da almajirai. Mu kuwa yau da babban yatsa muke tsara waƙa, baki a rufe, mu tura wa masu karantawa su ma baki a rufe. Tushen yawancin matsalar ke nan.

Amsa-amo, wanda ya fi ruɗar mutane

Mai fara rubutu yakan ɗauka da zarar ƙarshen layuka sun yi kama, waƙa ta samu. Dalili a fili yake: amsa-amo ne kaɗai abin da ido ke gani. Hausa kuma ta sauƙaƙa shi ƙwarai. Kalmomi masu ƙarewa da wa, na, ya da ba sun fi a ƙirga, mutum na iya jera baiti hamsin da su bai yi gumi ba. Manyan mawaƙa ma sun yi amfani da su, ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne lokacin da amsa-amo ya zama shi ke jan mai waƙa. Sai ka ga an murɗe wuyan jimla don a kai wata kalma ƙarshe, ko a ƙago abin da ba Bahaushen da ya taɓa faɗa, irin su "tafiyawa", don kawai a samu wa.

An yarda mai waƙa ya taƙaita, ya ce yai maimakon ya yi, ko min maimakon mini, ko ya aro wata siga daga karin harshen Sakkwato in ta fi zama. Wannan daban, karya harshe daban. A waƙa 'yar ƙwar biyu ma ba dole ba ne ɗangon farko ya amsa, na biyu ne ke ɗauke da babban amsa-amon da zai bi waƙar har ƙarshe. A 'yar ƙwar biyar, huɗun farko su amsa wa juna da ƙaramin amsa-amo mai canzawa baiti-baiti, na biyar ya koma kan babban. Sanin wannan kaɗai yana rage wa mutum rabin wahalar da yake ɗora wa kansa. In gini ne, amsa-amo yaɓe ne, tubalin shi ne kari.

Kari, da abin da boko ya ɓoye mana

Nan ne ya kamata a daɗe. Gaɓar Hausa iri biyu ce: gajeriya da doguwa. Gajeriya ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar da ko ta. Doguwa ita ce baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda wani baƙi ya rufe, kamar kai, sun, har. Kari ba komai ba ne illa jeranta gajeru da dogaye bisa wani tsari da ke maimaituwa a kowane ɗango. Yawan gaɓoɓi ba shi ne ma'auni ba, nauyinsu ne.

To, rubutun boko da muke yi ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, amma na farko da gajeriya ya fara, na biyu da doguwa. Baki ya sani, takarda ba ta sani ba. Ajami kuwa yakan nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, don haka malaman da suna ganin nauyin gaɓa da idonsu tun suna rubutawa. Yaron da ya tashi da boko zalla, yana tsara waƙa a waya bai buɗe baki ba, ba abin da zai gaya masa ya kauce.

Na ga yadda wannan ke faruwa a wani ƙauye na ƙasar Auyo, bayan ambaliyar 2022. Wani ɗalibin Islamiyya ya kawo wa malaminsa waƙar da ya yi a kan ruwan, bayan la'asar, a zaure. Malamin bai karɓi takardar ba, ya ce ya karanto. Yaro na karantawa, shi kuma yana ɗan buga yatsa a kan buzu. Aka zo wani ɗango:

Ruwa ya yi gyara a gonar Malam

Sai yatsan ya tsaya. Ya ce, "Sake wannan."

Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, ai daidai yake da sauran, sha ɗaya ne, na ƙirga."

Ya ce, "Ƙirgawa ka yi, ɗana, ba ka rera ba. Rera mu ji."

Da ya rera, shi da kansa ya ji harshensa ya yi tuntuɓe a kalmar ƙarshe. Sauran ɗangwayen duk tafiyarsu gajeriya, doguwa, doguwa, sau uku, sannan gajeriya da doguwa. Kalmar Malam kuwa dogaye biyu ce. Suka yi ta gwada kalmomi har baitin ya zauna haka:

Ruwa ya yi gyara a gonar gabas,
Hatsi ya nutse, babu sauran tudu.

In ka rubuta shi yadda baki ke faɗa, ka ninka dogon wasali, sai tsarin ya fito: ru-waa yaa / yi gyaa-raa / a goo-nar / ga-bas. Na biyun ma haka: ha-tsii yaa / nu-tsee baa / bu sau-ran / tu-duu. Gaɓa sha ɗaya ce a da, sha ɗaya ce yanzu, amma ɗaya ya hau ɗaya bai hau ba. Wannan karin shi masana ke kira Mutaƙarab. Malamin bai ambaci sunan ba ko sau ɗaya, kuma bai hana shi jin inda aka karye ba.

Daga nan mai koyo zai iya ɗaukar hanyar gwaji wadda ba ta cin ko kwabo. Ya zaɓi amon da ya riga ya zauna masa a ka, ya yi ta gunguninsa, sannan ya ɗora kalmomi. Ɗangon da ya yi masa shakka ya rubuta shi da ninkin wasali, ko da ajami in ya yi makarantar allo. Ya ɗauki muryarsa a waya, ya bari ta kwana, ya saurara da safe. Gwajin da ya fi duka kuwa shi ne ya miƙa wa wani ya rera. Mai waƙa ya san inda zai ja murya da inda zai haɗiye gaɓa don ya rufa wa kansa asiri. Baƙon baki bai sani ba, duk inda ya yi tuntuɓe akwai gyara a wurin.

Dole ne sai an karanci aruli?

Aruli ilimin auna waƙa ne da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 na Miladiyya. Ya fitar da karuruwa 15 daga waƙoƙin Larabawa, daga baya wani masani mai suna Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. A lura, waƙoƙin sun riga ilimin zuwa: Larabawa sun daɗe suna yi kafin a zo a sa wa abin suna. Malamanmu sun ɗauko waɗannan karuruwa sun ɗora Hausa a kai, ta kuwa zauna daram, domin harsunan biyu duk suna bambanta gajeriyar gaɓa da doguwa. Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi bayanin wannan a wata maƙala a 1975, inda ya kira abin aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa. Kamil, Mutaƙarab, Wafir, Ramal, Basiɗ, Ɗawil da Rajaz duk an yi waƙoƙin Hausa da su.

Masu cewa sai da aruli suna da hujja: shi ke ba ka bakin faɗin abin da ya lalace, ya kuma nuna maka sassaucin da aka yarda da shi, wato zihafi da illa, don kada ka takura kanka a banza. Inda suka zarce shi ne mayar da shi ƙofar shiga. Ba duk waƙar Hausa ce ke hawa ma'aunin Larabci ba. Aƙilu Aliyu an san shi da ɗauko karin waƙoƙin baka ya zuba nasa baitocin a ciki, kuma ba wanda ya isa ya ce bai iya ba.

Ɗan karkara ma ya fi kowa jari a nan, sai dai bai san yana da shi ba. Wanda ya tashi yana jin Ishiriniya a daren Maulidi, Ɗawil na cikin kansa. Wanda ya saba da Burda, Basiɗ na cikin kansa. Ga waƙar gaɗa, ga ta daka, ga gangar noma ranar gayya. Wannan kunnen shi ne mafi yawan abin da ake kira baiwa. Ban musa cewa Allah ya fifita wasu a kaifin ji da saurin kalma ba, amma abin da ya shiga kunne ta hanyar saurare, ana iya ƙara shi ta hanyar saurare. Tsofaffin mawaƙa sun haddace waƙoƙin magabata kafin su yi nasu. Tahamisi ma, inda mutum zai ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani ya ɗora masa uku a sama, makaranta ce babba: dole ka bi karinsa, ka bi amsa-amonsa, ka shiga tunaninsa.

Baitin da ya hau kari amma ba kowa a ciki

Kari in ya samu, an yi rabin tafiya ne. Dubi wannan ɗangon:

Bala'in ruwa ya yi ɓarna ƙwarai

Ya hau Mutaƙarab tsaf, ba inda ya karye. Amma wanda ke zaune a Legas bai taɓa ganin kogin Haɗejiya ba zai iya rubuta shi. Ba gona a ciki, ba hatsi, ba mutumin da ke neman tudun da zai aza kayansa. Wancan baitin na yaron ya fi shi nesa ba kusa ba, domin ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya kuma yi amfani da maganar mutanensa, waɗanda ba sa cewa ruwa ya yi ɓarna, sai dai su ce ya yi gyara.

Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a waƙoƙin da ke yawo yanzu. Jigo ya yi faɗi har ya rasa baki: zaman lafiya, ilimi, tarbiyya, duk a waƙa ɗaya. Sai ciko ya biyo baya, "haƙiƙa", "lalle", "ya 'yan'uwa", "ku saurara jama'a", ana toshe ramin kari da su. Mu'azu Haɗejiya malamin makaranta ne mai wa'azi da waƙa, amma yakan ware abu guda, kamar giya, ya ba shi waƙa sukutum, ya bi shi ciki da bai. Wa'azin da ya kama abu ɗaya ya fi shiga.

Abin da ke ba ni takaici shi ne matashin da ya tashi a fadama, ya san sassabe da huɗa da maimai, ya san bambancin gero da maiwa, kaura da farfara, ya ga yadda kacalla ke toshe hanyar ruwa, ya san koma da mali da yadda masunci ke kwanciya a kan gora, amma in ya zo waƙa sai ya ajiye duk wannan ya aro furanni da taurarin da ya ji a fim. Gani yake kalmomin gida ƙauyanci ne. Alhali su ne abin da yake da shi wanda ɗan birni ba shi da shi, kuma in ba su shiga waƙa ba, da yawansu za su bi tsofaffi kabari. Haɗejanci da Gudduranci ba abin kunya ba ne a baiti, in dai mai shi ya san abin da yake yi.

Sai tsawo. Yawan baitoci ba ya nuna gwaninta. Baiti goma sha biyu da kowanne ke ɗauke da kaya sun fi sittin da rabinsu maimaici ne. Yanke baitin da ka sha wahalarsa yana da ciwo, amma duk wanda ya ƙware ya saba da wannan ciwon.

Masu cewa a sakar wa waƙa mara

Akwai matasa, musamman waɗanda suka yi karatu mai zurfi, da ke cewa kari da amsa-amo takunkumi ne, duniya ta wuce nan, a bar mutum ya faɗi abin da ke ransa yadda ya zo. Sukan kafa hujja da Turawa, har da Larabawan da muka aro ma'aunin daga gare su. Gaskiya ne a Iraƙi, wajen 1947, Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab sun buɗe sabon babi. Sai dai tsawon ɗango da tsarin amsa-amo suka saki, ƙafar waƙa, wato rukunin gajeru da dogayen gaɓoɓi mai maimaituwa, na nan ba su jefar ba, kuma sun san aruli kamar yunwar cikinsu.

Ba na cikin masu cewa waƙar da ba ta bin tsohon kari haramun ce. Harshe mai rai dole ya gwada sabon abu. Amma wanda ya ajiye kari ya ɗauki nauyi mafi girma, domin dole hoto da zaɓin kalma da numfashin layi su riƙe abin da kari ke riƙewa. Akwai kuma tambayar wa ake yi wa. In don tsohuwar da ba ta karatu ce, ko 'yan Islamiyya da za su haddace ranar saukar karatu, to waƙar da ba ta reruwa ba za ta isa gare su ba.

Sutudiyo kuma tata matsalar daban. Kiɗa da na'urar gyaran murya suna rufe karaya, mawaƙi ya ja gajeren wasali ya cika gurbi har kalma ta fita daga ma'anarta. Duk da haka a nan ɗan kuɗin yake: waƙar biki, ta siyasa, ta talla, ta wayar da kai kan rigakafi. Matashin da baitinsa ke hawa ba tare da an ja shi ba, shi mawaƙa ke komawa wurinsa, domin yana rage musu zaman sutudiyo.

Wa zai saurara ya gyara?

Magabata ba su ƙware su kaɗai ba. A Kano an yi ƙungiyoyi irin su Hikima ta su Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu, inda mawaƙa ke haɗuwa, ana kuma jin waƙoƙinsu a rediyo. A wancan zamanin ne Hauwa Gwaram, 'yar ƙasar Jigawa ta yau, ta yi fice da waƙoƙin wayar da kai, har aka buga nata tare da na Hajiya 'Yar Shehu a 1983. Abin da waya ta ba mu shi ne masu yabo. "Masha Allah, fasihi" ba ya gyara ɗango, zagi ma ba ya gyarawa.

Masu iya gyaran suna nan a kusa, ba a haɗa su ba ne kawai. Ƙananan sakandaren karkara da yawa suna da malamin Hausa da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Bayero, wanda ya yi feɗe waƙa a aji, ya san hanyar da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa. Kusan kowane gari yana da mai Ishiriniya ko sha'irin da bai san sunan kari ba amma kunnensa ba ya kuskure. Akwai kuma iyaye mata da suka san waƙoƙin da ba a taɓa rubutawa ba. Zama ɗaya a mako biyu, a zaure ko a aji bayan an tashi, ya isa. 'Yan mata masu rubutu, waɗanda ba za su zauna a zauren maza ba, malamar Islamiyya na iya haɗa nasu, ko su riƙa tura murya.

Irin wannan zama yana da sharaɗi, in ba haka ba gaba zai haifar. Mai waƙa ya rera da bakinsa, wani ya sake rerawa, shi kuma ya yi shiru har a gama. Mai gyara ya nuna ɗango da kalma, ya faɗi dalili, kada ya taɓa mutum. Waƙar yabon ɗan siyasa ko ta habaici ga wani a gari a bar ta a gida, domin da ta shigo, kowa ɓangarensa zai duba, ba wanda zai ƙara sauraren kari.